Dila da Ƙwai Ashirin da Uku

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

To ku matso kusa, kuma kada wanda ya waiwaya.

Dila ne dai, kullum yana dandali yana bugun ƙirji: "Ni ne uban rabo! Ko ruwan sama kuka ba ni, sai na raba muku shi ɗigo-ɗigo, ba ragi ba ƙari."

Su kuwa dabbobin garin suna da wata al'ada. Duk shekara sai su kai wa mutanen ɓoye na tsohuwar kuka ƙwan zabi ashirin da huɗu, don kada rijiyar gari ta ƙafe.

Baba Kunkuru ya ce, "Tunda kai ne uban rabo, bana kai za ka kai. Ashirin da huɗu cif, Malam Dila. Mutanen nan ba su da adadi: yanzu su biyu, an jima su shida. Ashirin da huɗu ce ke zagaye su ko su nawa suka fito. In rabo ya yi giɓi, da naman mai rabo suke cikewa."

Dila ya ɗauki kwando. Yana tafe yana leƙe, yana leƙe yawu na zuba. Ya ce, "Ƙwai ɗaya, wa zai lura?" Sai muƙut!

Rana tsaka ya isa gindin kuka. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Sai ga inuwa biyu sun sulalo daga kogo, babu masu inuwar.

Suka ce, "Raba."

Dila ya raba: sha biyu, sha ɗaya. Ta ƙarshen ta miƙo hannu, da 'yar siririyar murya ta ce, "Saura ɗaya."

"Ranku ya daɗe, bari in sake."

Kafin ya ɗago, sun zama uku. Takwas, takwas, bakwai.

"Saura ɗaya."

Suka zama huɗu. Saura ɗaya. Suka zama shida. Saura ɗaya. Duk zagaye sai sun ƙara matsowa, har ya ji hannu mai sanyi yana latsa cinyarsa kamar mai tayin rago.

Dila ya ce a ransa, ashirin da ukun nan 'yar taurin kai ce, ba ta yarda da kowa sai ɗaya ko ita kanta. Sai ya faɗi ƙasa ya ce, "Manyan dawa, rabe-rabe ai na yara ne. Ku haɗe ku zama ɗaya, ku ci girmanku gaba ɗaya!"

Inuwoyi suka haɗe, suka miƙe har ƙololuwar kuka, suka haɗiye ƙwai da kwando. Dila ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ya iso dandali, gari ya taru. Ya gyara murya: "Na raba daidai! Har tafi suka yi mini."

Sai cikinsa ya ce, da 'yar siririyar murya, "Saura ɗaya."

Kowa ya zuba wa cikin Dila ido.

Baba Kunkuru ya ce, "Malam Dila, wa ke magana a cikinka?"

"Yunwa ce, Baba."

"Yunwar taka har ƙidaya ta iya? To inuwar nan ta biyu da ke bayanka fa, mai miƙo hannu, ita ma yunwa ce?"

Dila ya waiwaya. Ni dai na ce muku kada a waiwaya.

Ƙurunƙus kan zabuwa! Ɓarawon ƙwai ɗaya ake kamawa. Da ya cinye goma sha biyu, da rabo ya tafi daidai.