Daddawar Bushiya da Waƙar Kwaɗo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Bushiya gwanar daddawa ce, amma kunya ta hana ta talla, kullum sai kwantai. Ta je wurin Kwaɗo maroƙi.

"Malam Kwaɗo, a yi wa daddawata waƙa mana."

"An gama, uwar ɗakina!"

Kwaɗo ya rera, daji ya ɗauka, har mata na daka da ita. Amma halin maroƙi, kowane baiti da kirarinsa yake rufewa: "Sai Kwaɗo na bakin rafi!"

Kashegari masu saye suka cika ƙofar Kwaɗo.

Bushiya ta ce, "Malam, ina sunana a waƙar?"

"Da na ce zan wasa ki, ba dunƙulewa kika yi ba?"

Har yau ita ke dafawa, ana cewa daddawar Kwaɗo.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.