Ƙofar da Sai An Ɗaga

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta na shekarar 2018, gari ya waye da yayyafi da iska mai sanyi. A ranar ce halin wani mutum da ake kira Mai Guduma ya kama shi.

Bakanike ne, kuma ya iya aiki. Haƙurin kwance abu ya ga ciwonsa ne ba shi da shi. Idan kik ɗin mota ya liƙe, sai ya ƙwala masa guduma, mota ta tashi, ya ce wa mai ita, "Ka ga inda na buga? In ta sake, nan za ka buga." Nan ya samo sunan.

Haka yake a gida. Ƙofar kicin ɗinsu ta katako ce. Kusoshin sama sun saki, ƙyauren ya sunkuyo yana gugar siminti, damina kuma ta kumbura shi. Idan ta rufe, ba ta buɗuwa sai an kama mariƙin an ɗaga da ƙarfi.

"Baban yara, ƙofar nan fa," in ji matarsa.

"Ba na nuna miki ba? Ɗagawa ake yi."

"Gidan bakanike, amma sai an yi kokawa da ƙofa kafin a ci abinci."

"Motsa jiki ne kyauta," ya ce, yana dariya.

Yayarsa ce ke riƙe da mahaifiyarsu. Da aiki ya kai ta wata ƙasa, ta kawo masa ita. "Ga amanar Inna nan," ta ce. "Hannuwanta ba ƙarfi yanzu, ka kula."

Kowa a gidan ya san dabarar ƙofar. Ba wanda ya nuna wa Inna, tunda ba a barin ta ta yi girki.

Da safen wannan Talatar yana gareji, matarsa ta raka yara makarantar allo. Sanyi ya dami Inna, ta shiga kicin ta kunna risho don ta dafa ruwan zafi. Iska ta banko ƙofar ta rufe. Rishon ya yi aman wuta, ta kama zanenta. Maƙwabciyarsu ta ji bugun ƙofa ta rugo, ta yi ta jan mariƙin. Ba ta san ɗagawa ake yi ba. Kafin maza su zo su ɓalle ƙyauren, wuta ta riga ta yi ɓarna. Inna ta rasu a asibiti.

Bayan an share makoki, ya zo mayar da ƙyauren. Kusoshi huɗu ya sauya, ya ɗan fere ƙasan. Ya tura ƙofar da yatsa ɗaya ta buɗe. Matarsa na tsaye tana kallo.

A waya ya ce wa yayarsa gobara ce, ƙaddara ce. Bakinsa ya kasa faɗin sauran, sai ya rubuta mata batun ƙofar duka. Wasiƙar ta daɗe a aljihun rigar aikinsa har baƙin mai ya taɓa ambulan. Wata safiya ya biya gidan waya, ya jefa ta a akwati.

Darasin a bayyane yake. Abin da ya lalace gyara yake so, ba dabarar zama da shi ba. Kai ka san inda ake bugawa, ka san yadda ake ɗagawa, amma wata rana wanda bai sani ba ne zai tsaya a bayan ƙofar, kuma ba za ka kasance a wurin ba.