Makullan Tanimu da Tulun Inna Yalwa

An ba da labarin wani attajiri, Alhaji Barau, mai kamfanin irin shuka. Shekara goma sha biyu ma'aikatansa suna gwada irin masara da na dawa, suna rubuta wanda ya jure fari da wanda ya mutu. Duk wannan sani yana cikin na'urori uku da ake kira saba, an haɗa su suna aiki tare, a cikinsu kwamfutoci ashirin marasa jiki, waɗanda manhaja ce kawai, ke gudana. In ɗaya ta tsaya, sauran su ɗauki kayanta. Alhaji na son abin nan ƙwarai, har baƙi yake kai wa su gani.

Wata rana ya sayo ƙaton akwatin ajiyar bayanai, shi ma na'ura, ya kira Injiniya Tasalla mai kula da su, ya ce, "Ki zuba komai a nan. Kwafin ko-ta-kwana na bayanan da kike damuna da shi, shi ma ki sa shi ciki, wuri ya ishe shi."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, kada mu yi irin ta Tanimu mai shago."

Alhaji ya gyara zama, ya ce, "Me Tanimu ya yi?"

Ta ce: An yi wani mai shago, Tanimu, mai tsoron ɓatar da makulli. Ya sa maƙeri ya ƙera masa na biyu. Don kada na biyun ya ɓata, sai ya ɗaure su a zare ɗaya, yana yawo yana yabon dabararsa. Ranar wata kasuwa ya leƙa rijiya, zaren ya zame, ya ji ƙararsu a ruwa. Ya tsaya yana cewa, "To ai ba komai, ina da na biyu." Sai da ya lalubi aljihu sannan ya tuna.

Ya koma wa maƙeri, ya ce, "Ƙera wani, wannan karon can garinmu zan kai, in manta da shi."

Maƙeri ya ajiye guduma, ya ce, "Kai wa dai, amma mantawar ce ta kayar da Inna Yalwa. Saurara."

Ya ce: Inna Yalwa tana da irin gero mai kyau da ta gada. Ta cika tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta kai ajiya wajen ƙaninta Sallau a wani ƙauye. Shekara uku in sun haɗu ta ce, "Tulu fa?" ya ce, "Yana nan lafiya, Yaya." Da gobara ta cinye rumbunta, ta tafi da jaki ta fasa tulun, sai tsakuwa. Sallau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ai tulun kike tambaya, ba ki taɓa tambayar geron ba. Furar da kika yaba bara ma shi ne."

Maƙeri ya ce, "Ka ji, Tanimu. Ajiyar da ba a buɗewa, ba ka san me ka ajiye ba."

Tasalla ta dubi Alhaji, ta ce, "Saba ukun nan duk daga akwati ɗaya za su riƙa ɗiba. In ya ƙone, har da kwafin zai ƙone, su uku za su tsaya suna kallon juna, ga damina ta ƙarato, manoma na jiran iri."

Alhaji ya juya ya dubi akwatin. Can ya ce, "To me za a yi, 'yata?"

"Kwafi ɗaya a wata na'ura daban, ɗaya a reshenmu na Gusau. Duk wata kuma mu dawo da shi, mu tayar, mu gani ko yana aiki."

Alhaji ya ce, "Na yarda, a yi haka." Ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo. "Reshen Gusau ƙanina ke riƙe da shi. Na can ɗin nan, ki riƙa dubawa duk mako."