Ɗan Garuwan da Ya Yaye Rumfa

Da zan shigo yanzu, na ga an shanya zanen goyo a kan farantin solar da ke bayan ajin nan. Ba zan tambayi mai shi ba. Yau gwiwoyina ciwo suke yi, muryar ma ba ta da ƙarfi, don haka ku matso kusa. Karatun da muka tsaya jiya mu ajiye shi tukuna, labari zan ba ku.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Ana kiransa Sallau, sana'arsa garuwa. Shekara ashirin da ɗoriya yana tura kura daga rafi zuwa cikin gari, ga yashi ga hawa, ya je ya dawo, ya je ya dawo. Tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. A masallaci ma sahun baya yake tsayawa, saboda kullum ƙafar wandonsa a jiƙe take, ba ya son ya jiƙa wa mutane tabarma.

Sai wata shekara wata ƙungiya ta zo ta haƙa wa garin rijiyar burtsatse. Ba irin ta tuƙa-tuƙa ba, ba kuma mai shan fetur ba, mai aiki da hasken rana. Aka ɗora tanki a sama, aka jera famfuna, aka kafa farantai baƙaƙe masu sheƙi a kan ƙarafa, irin wannan namu dai, sai dai nasu sun fi yawa.

Ranar buɗewa aka cika fili. Injiniyar da ta haɗa kayan wata yarinya ce siririya mai sanyin murya. Aka miƙa mata lasifika ta yi bayanin yadda za a kula da abin, amma ko rabi ba ta kai ba maroƙi ya katse ta da kirarin manyan baƙi, makaɗa suka amsa masa. Ta ajiye lasifikar ta koma wajen farantanta. Tana so ta wanke su, ga famfo an ɗaure da ƙyalle ana jiran babban baƙo ya yanka. Sai ta hangi Sallau a gefe, ya jingina da kurarsa yana kallo.

Ta ce, "Baba, kai ne mai ruwan garin nan?"

Ya ce, "Ni ne, zuwa yau dai."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, don ta gane abin da yake nufi. Ya sauke mata jarka ɗaya, yana zuba mata tana gogewa. Can ta ce, "Bari in bar maka saƙo, tunda su can ba su ji ni ba. Wannan abin, rana ce abincinsa. A riƙa goge shi da tsumma mai laushi, kuma kada a bar inuwa ta hau shi, ko ta reshe ɗaya. In ya sha inuwa yunwa zai ji, in ya ji yunwa ruwa ba zai hau tanki ba."

Sallau ya ce, "Rana ce abincinsa. Na riƙe."

Ku saurara, ku ma ku riƙe wannan maganar.

Daga ranar kasuwar Sallau ta mutu. Wa zai sayi ruwan rafi mai laka, ga na famfo garau kyauta? Ya kifa jarkokinsa a bayan ɗaki, ya koma ƙodago a gonakin mutane, in babu ƙodago ya ɗebo wa magina yashi. Tukunyar matarsa Kande ta koma hawa murhu sau ɗaya a yini. Bai zagi rijiya ba, bai zagi waɗanda suka haƙa ta ba. Shi ma da bokitinsa yake zuwa ya bi layi.

Ana nan sai bazara ta shigo. Wata rana da tsakar rana Mai unguwa Jatau ya bi ta wajen, ya ɗora hannu a kan faranti ɗaya, ya janye da sauri. Abin ya ɗauki zafi kamar tanda. Mai unguwa ba mugun mutum ba ne, mai kula da kayan jama'a ne. Ya tara dattawa ya ce, "Jama'a, wayar hannu ma in ka manta da ita a rana lalacewa take yi. Rediyo haka, batir haka. Mu kuma an ba mu kaya mai tsada mun bar shi a fili kamar shanyar barkono. In masu shi suka dawo suka tarar ya ƙone, da wane ido za mu kalle su?"

Kowa ya ce gaskiya ne. Ai haka muka taso, abin da kake darajawa inuwa kake nema masa. Baƙo inuwa, jariri inuwa, doki inuwa. Aka yi gayya, wannan ya kawo gwafa, wancan ya kawo zana, aka yi wa farantan rumfa mai kyau, har da addu'a. Ranar Sallau yana wani ƙauye wajen aikin yashi, kwana uku ya yi.

Da sassafe rana takan leƙo ta ƙarƙashin rumfar, sai ruwa ya ɗan hau. Da hantsi ya ɗaga sai ya tsaya. Mutane suka ce, "Kun gani ko? Da zafi ya taso sai injin ya gaji. Ashe har yanzu rana tana samunsa ta gefe." Sai aka ƙaro zana aka kewaye gabas da yamma. Ruwa ya ɗauke ɗif. Aka nemi lambar wayar da aka rubuta a allon rijiyar, aka kira aka kira, ba ta shiga.

Sallau ya dawo gari ya tarar da mata a ƙofar gidansa da bokitai suna jiransa. Kafin ya ajiye jakarsa aka fara, "Malam Sallau, a kawo mana biyu." "Ni na riga ta zuwa." Ya fito da kura, ya zuba wa ƙafarta mai, ya nufi rafi. A hanya ya bi ta gefen rijiyar, ya ga rumfa. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ci gaba da tura kurarsa.

Ba zan ɓoye muku ba, don ba labarin mala'ika nake ba ku ba. Kwana tara Sallau ya yi yana sayar da ruwa bakinsa a rufe. Kwana tara hayaƙi na tashi a gidansa safe da yamma. Kande ta sa nama a miya. Yara suka daina leƙen tukunyar maƙwabta.

A rana ta tara, yana hawowa daga rafi, ya cim ma wata tsohuwa ana kiranta Gwaggo Tabawa. Ba ta da ɗa a garin, ba ta da abin sayen ruwa, famfon nan ne ya hutar da ita. Ga ta da ɗan tulu a ka, ta tsaya a tsakiyar hawa tana mayar da numfashi, ƙafafunta sun kumbura. Ta dube shi ta yi murmushi ta ce, "Sallau, kasuwa ta dawo. Allah ya ji kukan Kande. Wallahi na taya ku murna." Kuma da zuciya ɗaya ta faɗa, ba habaici ba ne.

Ya sauke mata tulun ya ɗora a kurarsa har ƙofar ɗakinta. Da ya isa gida Kande ta ajiye masa tuwo, ya zauna yana kallonsa.

Ta ce, "Malam, gishiri ne bai ji ba?"

Ya ce, "Kande, injin nan lafiyarsa ƙalau. Rumfar ce. Yarinyar da ta haɗa shi ta gaya mini."

Ta gyara itace a murhu. Ta ce, "Kai ka ɗora zanar?"

"A'a."

"Da kai aka yi shawara?"

"A'a."

"To wani ya tambaye ka?"

"Babu wanda ya tambaye ni."

Ta ce, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi ka ci tuwonka. Na gaji, Malam. Na gaji da ɗora ruwa a wuta ina ce wa yara ya kusa nuna."

Kada wata a cikinku ta zarge ta. Da yawanmu mun san wannan tukunyar.

Sallau ya ce, "Na sani. Amma saƙo aka ba ni, kuma ban isar ba. Duk jarkar da na sauke a ƙofar wani sai in ji kamar nasa na sayar masa."

Kande ta rufe tuwon da faifai.

Washegari bayan sallar asuba ya tsaya a ƙofar masallaci, ya cire takalmi ya durƙusa gaban Mai unguwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rumfar nan ita ta hana ruwa. Abin nan rana ce abincinsa. A yaye masa."

Wani mahauci mai suna Haladu, wanda ya ba da zana har uku, ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah. Yaushe ɗan garuwa ya zama injiniya? Ranka ya daɗe, ka gane lissafin? Yanzu injin suma ya yi, shi kuma so yake a shanya shi ya ƙarasa, mu dawwama a bayan kurarsa."

Aka yi dariya. Wani ya ce, "In ka san haka, ina kake tun kwana tara?"

Nan Sallau ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ina rafi ina ɗebo ruwa ina sayar muku. Wannan laifina ne, ku yafe mini." Dariyar ta ragu. Ya ce, "Ku ba ni daga hantsi zuwa azahar. In ruwa bai hau ba, ko abin ya ƙone, ku riƙe kurata da jarkokina, in kwashe iyalina in bar muku garin."

Ku tsaya ku duba wannan ciniki. In ruwa bai zo ba, ya rasa kura, ya rasa gari. In ruwa ya zo, ya rasa kasuwa. Ta ko'ina shi ne a ƙasa, kuma ya sani.

Mai unguwa ya ce, "Kowa ya ji. Amma ba mai taya ka, kada a ce da hannunmu."

Shi kaɗai ya hau. Ya kwance igiya, ya sauke zana ɗaya bayan ɗaya, yana naɗewa yana jinginewa don kowa ya gane tasa. Ya tuge gwafanni. Ya ɗauko jarka ɗaya daga kurarsa, ya yage gefen tsohon rawaninsa, ya goge farantan tas. Sannan ya zauna a rana kusa da su, mutane kuma suka zauna can a inuwar bango suna kallonsa. Haladu yana cewa, "Ku matsa baya, kada ya fashe da mu."

Babu abin da ya fashe. Can sai aka ji wani ɗan gurnani a cikin bututu, sannan ƙarar ruwa yana faɗawa cikin tankin da babu komai. Kafin ladan ya kira azahar famfunan nan duka suna zuba. Mata suka fito da bokitai, yara suna tsalle a cikin taɓo. Mai unguwa ya gyara hula ya ce shi ma dama abin ya ɗan yi masa wani iri tun farko. Haladu ya kwashi zanarsa ya ce ai ba a yi asara ba, zai yi wa awaki rumfa.

To 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Mun iya gudun ƙaryar baki, amma akwai shirun da ake ci da shi, kuma shi ma cin amana ne. In kin san abin da zai fitar da 'yar uwarki daga wahala, kika rufe baki saboda wahalarta ce ke kawo miki ciniki, ko don kada a ce kin cika iyayi, to abin da kika samu nata kika ci. Wata ta san dalilin da ƙulin maƙwabciyarta ke ƙonewa, ta yi shiru don ita ma ƙuli take yi. Wata ta ga ana ba jariri abin da zai cuce shi, ta ce ba ɗanta ba ne. Mu nawa muka wuce zanen nan yau a kan faranti? Mun san fitilar ajin nan da famfon da muke alwala daga nan suke ci, amma kowa ta ce ba ita ta shanya ba, ba a kuma tambaye ta ba. Ba a tambayi Sallau ba. Kuma in kin yi kwana tara kina shiru, na goma bai wuce ki ba. Sai dai kada ki jira a gode miki. Ba zan yi muku alkawarin abin da ban gani ba, ladan wannan yana wajen Allah, can ake karɓarsa.

Na ga wata tana so ta tambaye ni ko an yi wa Sallau wani abu. Ban ji an yi ba. Ranar dai, ana tsakiyar turereniya a bakin famfo, ya ɗauki ɗan tulun Gwaggo Tabawa ya sa mata a gaban layi. Ya shanya tsumman a jikin ƙarfe, ta ƙasa, inda ba zai tare rana ba. Ya mayar da jarkarsa cikin kura, ya juya ta, ya bi ta bayan masallaci. Jarkokin babu komai a ciki, suna ta ƙwanƙwasar juna, amma hayaniyar ruwa ta hana kowa ji.