Rabin Taken Tabawa

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wani sarki wai shi Arzika, mai 'ya ɗaya tilo, Gimbiya Yalwa. Mutanen ƙasar suna da wata al'ada: kowace mace tana gadon take daga uwarta, taken kuwa kashi biyu ne. Akwai kiɗan fita, wanda ba a buga shi sai ranar da amarya za ta bar gidan ubanta, makaɗin gidan kaɗai ke riƙe da shi. Akwai kuma kiɗan isa, da ake tarbarta da shi a gidan miji. Amarya ba ta tashi daga tabarma sai ta ji kiɗan fitar uwarta, domin a ƙasar nan gawa kaɗai ake fitarwa shiru.

Tabawa, mahaifiyar Yalwa, ta rasu tun yarinyar tana goye. Makaɗinta, Nomau mai kotso, ya saba buga mata kiɗan isa kowace Juma'a a ƙofar fada, sai Juma'ar da ta biyo bayan rasuwar hannunsa ya riga tunaninsa, ya buga shi. Sarki ya ji, baƙin ciki ya rufe masa ido, ya sa aka fasa kotson, aka kori Nomau, aka hana taken Tabawa a ƙasar baki ɗaya. Fadawa suka ce hukunci ya yi daidai, kamar yadda suke faɗa ko da Sarki atishawa ya yi.

Da auren Yalwa ya matso, Sarki ya kira Waziri Barmo, dattijon da ya yi wa mahaifinsa hidima, ya ce, "Waziri, na ɗora maka zaɓen kiɗan bikin nan. Ka nemo wanda ya fi kowane daɗi. Sunan da na hana kuwa, kada in ji shi."

Waziri ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ya fita, amma ya san ba daɗi ake nema ba.

Aka tara masu kalangu da masu algaita, har da wani mai goge da fatake suka zo da shi. Kowa aka kai ƙofar ɗakin Gimbiya ya zuba gwanintarsa, ita ko motsi ba ta yi. Daga ƙarshe ta ce, "Baba Waziri, kiɗan nan duk da daɗi, amma ba nawa ba ne. In babu na Inna, ku fitar da ni shiru. Na haƙura."

Maganar ta soki Waziri ƙwarai. Dangin Tabawa duk sun ƙare, saura Nomau. Ya yi shigar fatake ya bi sawunsa ƙauye ƙauye, har ya same shi a wani gari na masunta, zaune a rana. Tsufa ya cinye shi, hannuwansa na rawa, hankalinsa ya yi nisa. Waziri ya ɗora masa kotso a cinya. Nomau ya shafa fatar, ya shafa, sa'an nan ya ɗago kai ya ce, "Tabawa ta iso ne?" Iyakar abin da aka samu ke nan. Waziri ya ɗauko shi duk da haka, ya ɓoye shi a gidansa.

Dabara ɗaya ta rage masa, ita ma ba wani ƙarfi gare ta ba. Ya tuna gutsattsarin kiɗan Juma'ar nan, ya koya wa wani mai kotso, a karkace kamar yadda ya zauna a kansa, ya kai shi gaban Sarki da sunan sabon kiɗa. Makaɗin ya fara. Waziri ya ga yatsan Sarki yana bugun gwiwarsa. Da aka zo inda aka ɓata, Sarki ya yi tsawa, "Ba haka ba ne! Nan sauka ake yi." Ya gyara, ya sake gyarawa, har kiɗan ya miƙe tsaf.

Waziri ya cire rawaninsa ya ajiye a gaban Sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni na karya dokar, ga wuyana. Amma tunda bakinka ya buɗe, ka ba mu na fita."

Sarki ya dubi rawanin da ke gabansa. Can ya ce, "Waziri, ango ba ya jin kiɗan fita. Ranar ina nan gidan ina jiranta."

Waziri ya san haka tun farko, ƙin sani kawai ya yi. Ya sa aka kawo Nomau farfajiyar fada. Sarki ya sauko da ƙafarsa, ya mayar masa da sarautarsa ta kiɗa, ya ba shi gida da sabon kotso, ya durƙusa ya ce, "Nomau, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Nomau ya dube shi ya ce, "Malam, matsa, ka tare mini rana."

Sarki ya mayar wa Waziri rawaninsa, ya janye dokar, ya kuma yi umarni kada a sake barin take a hannun mutum ɗaya. Hukunci ne mai kyau, sai dai bai dawo da abin da ya tafi ba. Da Waziri ya kai wa Gimbiya labarin, ta share hawaye ta ce, "To, a buga na isar. Da shi Inna ta shigo gidan nan, da shi zan fita."

Ranar biki kotso ya ɗauka, Yalwa ta tashi daga tabarma. Waziri na tsaye kusa da Sarki a bakin soro. Da kiɗan ya kai wurin saukar nan, sai ya ga Sarki ya gyara rigarsa ya matsa gaba, fuskarsa a sake, kamar mai taryar baƙo. Ya zuba wa ƙofa ido. Babu mai shigowa, sai bayan 'yarsa yana nisa.