Rana Ba Ta da Makunni

Yaya Badamasi, ruwan da ka jawo yana nan yana zuba. Mata na cika jarkoki, ni dai har yau na kasa sha. Bari in ba jama'a labarinka kamar na wani ne, ko zai fi sauƙin fita daga bakina.

An yi wani saurayi, Badamasi, da ya tafi birni koyon aikin injiniyan lantarki. Mutum uku ne suka tsaya masa.

Ta farko malamarsu ce, Malama Asabe. Ta tarar da ɗakin gwajin makarantar a kulle, injuna sun yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a kan mitoci. Ta ce ɗalibanta ba za su fita da biro kawai ba. Sai ta kawo musu ɗakin gwaji na cikin kwamfuta: ka jona wayoyi a allo, ka saki wuta, in ka yi kuskure allon ya yi ja, ka danna inda aka ce a sake. Ba don ita ba, da bai san komai ba sai zane a takarda.

Na biyu abokinsa Tasi'u. Da farko Badamasi ya ƙi abin, ya ce shi waya yake so ya riƙe ya ji ɗuminta. Tasi'u ya yi ta tsokanarsa: "Baƙauye, sai ta ja ka za ka yarda wuta ce? Matso nan. A nan ko sau nawa ka mutu, tashi za ka yi." Ya riƙa ara masa kwamfutarsa har Badamasi ya fi shi iyawa. Ba don shi ba, da ya faɗi jarrabawa ya dawo gida.

Na uku Kawu Maikano, ƙanen mahaifiyarsa, mai kula da famfon solar garin. Famfon ya tsaya, mutane suka koma kududdufi, yara suka fara gudawa. Kawu ya ce, "Muna da injiniya a gida, mu tsaya jiran na birni? Ɗana, tashi ka fitar da mu kunya." Ba don shi ba, da an binne yara, da kuma ba wanda ya taɓa kiran Badamasi injiniya.

Da hantsi ya buɗe akwatin famfon. Daɗi ya kama shi, don komai na nan kamar yadda ya saba gani a allo. Ya gano wayar da ta ƙone, ya canza. Famfo ya yi gurnani, ruwa ya ɓalle, mata suka rangaɗa guɗa. Sai ya hango wata waya ta yi sako-sako. Ya kashe makunni, ya miƙa hannu yana murmushi. A kwamfuta, in ka kashe, komai ya mutu. Amma wannan wayar daga faifan sola ta sauko kai tsaye, rana kuwa na tsaye a kansa. Rana ba ta da makunni. Allo bai yi ja ba, kuma babu inda za a danna a sake.

Duk ukun sun zo ta'aziyya. Malama ta kasa gama addu'a. Tasi'u ya ce bai ƙara buɗe kwamfutar ba. Kawu yanzu zagaye yake yi don kada ya bi ta gaban famfon.

Da aka watse, Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni. Ta ce, "Na san kwana ne ya ƙare. Amma ƙirjina ya ƙi sanyi. Kai kana wurin. Ba ni sunan mutum ɗaya in yi masa Allah ya isa, sauran in yafe."

Yaya, ban faɗa wa kowa abin da na ga hannunka ya yi ba sai yanzu.

To jama'a, Malama ce, ko Tasi'u, ko Kawu, ƙanen Inna da suka sha nono ɗaya? Sunan wa zan kai wa Inna?