Wayar da Farfesa Ya Ɓoye a Aljihu

Akwai wani bawan Allah, mai rubutu a intanet, da ake kira Farfesa. Ba wata jami'a da ta ba shi sunan. Shi ya raɗa wa kansa, mutane suka gaji da musu suka bar masa. Kafin 'yan tsegumin shafin nan su fara, na san yana da tumbi irin nawa da furfura irin tawa, amma kyawawan mutane suna kama da juna. Ku bar ni in ba da labari.

Farfesa yana da shafuka biyu. Ɗaya da sunansa da hotonsa, ya dafe haɓa yana kallon nesa, nan yake wa shugabanni nasiha. Ɗayan ba suna ba hoto, sai zanen ido guda, ya sa masa Idon Unguwa. A nan yake yanka mutane ba wuƙa. Ko matarsa ba ta san nasa ne ba, don ya ware masa wata ƙaramar waya da ba ta barin aljihunsa na ciki.

Sai wata ƙungiya ta shirya horon kwana uku ga masu shafuka, kan yadda ake rubutu game da siyasa da mulki da ayyukan raya ƙasa. Farfesa ya je, ba don ya koya ba, sai don ya tsaya a tsakiya ranar hoton rufe taro.

Mai horarwar tsohuwar editar jarida ce, kowa yana ce mata Hajiya Edita. Dokarta ta farko ita ce kwando a bakin ƙofa, kowa ya jefa wayarsa kafin ya shiga. Farfesa ya jefa babbar yana murmushi, ƙaramar kuwa ta yi kwanciyarta a aljihu.

Yana zama a layin gaba ya ji an ja masa hannun riga. Auta ce, ƙanwar matarsa, mai shafi kan lafiyar mata, wadda tun ranar da ya auri yayarta ba ta bar shi ya sha ruwa da daɗi ba. Ta tambaye shi ko an gayyato shi koyarwa ne aka manta ba a ba shi alli ba.

A rana ta biyu Hajiya Edita ta ce za a fita aikin gani da ido, wa zai jagoranci tawaga? Ba ta rufe baki ba hannun Farfesa ya tashi. Aka tafa masa. Sai bayan ya gama gyara hula ta kunna majigi.

Hoton wani tankin ruwa ne ya fito a bango, da ƙarafunan sola tsirara ba ko faranti ɗaya. A ƙasa an rubuta cewa an sace farantan sola na rijiyar asibitin unguwa, kuma mai kula da rijiyar ya san inda suka kwana. A sama ga zanen ido guda yana kallon Farfesa.

Ta ce dubban mutane sun yaɗa rubutun, kuma a kansa aka dakatar da mai kula da rijiyar daga aiki, yau sati uku. Aikin tawaga shi ne ta bi matakan da ta koya musu: a duba takarda, a je wurin, a ji daga bakin mutum.

Farfesa ya ji sanyin ɗakin ya daina isowa inda yake. Hoton nan a wani guruf na hira a waya ya tsince shi. Asibitin bai fi tafiyar minti goma daga gidansa ba, amma ranar ana rana, kuma yana tsoron wani ya riga shi wallafawa.

Ya ce kansa yana ciwo, Auta ta zaro magani daga jaka har da ruwa. Ya ce yana da baƙi a gida, ta ce da safe ta biya gidan, yayarta ma ta fita. A bas aka sa shi a tsakiya don girmamawa, Auta a dama, wani ƙaton mai sharhin ƙwallo a hagu, tagar kuma ba ta buɗewa. Duk ramin da suka faɗa sai ƙaramar wayar ta doke shi a haƙarƙari.

Tun daga bakin asibiti suka ji ƙarar ruwa a jarka. Mata sun yi layi, famfo uku suna zuba. Tankin na baƙar roba ne mai zagaye, na cikin hoton kuwa na ƙarfe ne mai kusurwa huɗu. Takardar aikin rijiyar da suka karɓo ta ce faranti shida. Auta ta ƙirga da ƙarfi, don kunnen mijin yayarta, ta samu shida.

A kan tsani akwai wani dattijo da tsumma a hannu yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne wanda aka dakatar. Da ya sauko, jagoran tawaga ne ya kamata ya yi masa tambayoyi, don haka aka tura Farfesa gaba da biro da takarda.

Dattijon ya ce ba a ce ya zo ba, amma idan ƙura da kashin tsuntsaye suka rufe farantan, kafin la'asar ɗakin haihuwa ba ruwa. Ya ce dakatarwar ba ta ci masa rai kamar yadda maƙwabta suka fara shigar da kayansu ciki in ya wuce ba. 'Yarsa ta daina zuwa makarantar koyon aikin jinya, don ana ce mata 'yar mai sola. Sai ya ƙura wa Farfesa ido, fuskarsa ta washe.

"Ai kai ne mai nasihar nan, ranka ya daɗe. 'Yata tana karanta mini rubutunka. Tunda kai ka zo, na san gaskiya za ta fito. Ni dai in ka gano mai idon nan, tambaya ɗaya za ka yi masa. Me na yi masa?"

Farfesa ya rubuta wani abu a takarda. Auta ta leƙa, ta ga layi ne kawai yake ja.

A hanyar komawa ya yi ta lallashin kansa. An gano rubutun ƙarya ne, to shi ke nan, za a zagi Idon Unguwa, shi ma zai taya zagi, gobe ya goge shafin. Da wannan ya tsaya gaban ɗaki, makirufo a hannun dama, rahoto a hagu, ya yi jawabi mai daɗi kan marubutan da ba sa tsoron Allah. Har ya fara jin daɗin muryarsa.

Hajiya Edita ta gode masa, ta ce saura mataki ɗaya. Ba a hukunta mutum ba a ji ta bakinsa ba, ko da shi bai yi wa wani wannan adalcin ba. Akwai lamba a shafin, wadda aka sa don masu tsegunta labari. Ta miƙa wa Auta wayarta ta ce ta kira, jagora ya tsaya inda yake don shi zai yi tambayoyi.

Mutum talatin suna kallonsa. Hannayensa biyu a cike, wayar tana can ƙarƙashin riga biyu, ƙofa tana bayan ɗaki. Ya ji Auta tana karanto lambar da ya haddace kamar sunansa.

Ku kuma ji wautar mutumin. Sautin kiran wayar sirrin, muryarsa ce da ya naɗa da kansa. Daga ƙirjinsa ta fito, makirufo ya ɗauka ya raba wa lasifika huɗu: "Tsit, Farfesa zai yi magana. Tsit, Farfesa zai yi magana."

Aka kuwa yi tsit.

Auta ta ce, "Mijin Yaya, ɗauka mana. Jagoranmu yana da tambaya."

Hajiya Edita ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta bari a yi masa ihu ba. Ta jawo kujera ta ajiye masa a gaban kowa, ta ce darasin gobe shi ne yadda ake gyara kuskure, amma tunda ga mai kuskuren a kusa, yau za a yi. Sau uku yana rubutawa tana mayar masa. Na farko ya ce an yaudare shi, na biyu ya ce kowa yana kuskure. Sai a na huɗu ya rubuta cewa bai je ba, bai tambaya ba, ya ɓata sunan mutumin kirki, ya sa sunansa na gaskiya a shafukan biyu.

Waɗanda suka yaɗa gyaran ba su kai kashi ɗaya cikin goma na masu yaɗa ƙaryar ba. Dole ya ɗauki rahoton tawaga da hotuna ya kai da ƙafarsa ofishin da ya yi dakatarwar. Sau huɗu yana zuwa yana zama a benci kafin a mayar da dattijon bakin aiki.

Ranar da aka mayar da shi, Farfesa ya je asibitin shi da Auta don neman gafara. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya maimaita tambayarsa ta ran nan.

Farfesa ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, Baba. Rana ce ta yi zafi, na ƙi fitowa."

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce yau ma ga ta nan. Ya miƙa masa tsumman, ya riƙe masa tsani.

Hoton rufe taro dai Farfesa yana can baya, rabin hularsa kawai ta fito. Wanda ya zaga gari shi ne wanda Auta ta ɗauka, yana manne da tsani, tumbi a kan mataki, yana goge faranti na shida. Masu turo mini hoton suna tambaya ko na gane mutumin, na ce ban gane shi ba, kuma Allah yana ganinku.

Darasi: Kafin ka rubuta cewa wani ya ci amanar jama'a, ka tashi ka je wurin, ka duba takarda, ka ji ta bakinsa. Sa ido a kan masu mulki aiki ne mai kyau, amma ƙaryar da ka wallafa a minti ɗaya tana iya raba mutum da aikinsa da mutuncinsa, gyaranta kuma ba ya zuwa duk inda ta je. Ku tura wa duk mai shafi da kuka sani. Wannan karon na yarda ku yaɗa, ko da ba ku cika yaɗa nawa ba.